Baturen da Baba Ya Mayar Gida

Gidan da muka kama haya a Barking irin gidajen nan ne masu manne da juna, waɗanda in maƙwabci ya yi tari sai ka ji kamar ka ce masa sannu. Kowane gida da ɗan filinsa a baya, dogo siriri, an raba da shingen katako. Mutanen layinmu furanni suke shukawa a nasu, wasu kabeji. Maƙwabcinmu na hannun dama kuwa tanti ya kafa.

Ni a lokacin amarya ce. Ina gama kwalejin horon malamai aka ɗaura mini aure, na biyo mijina London, inda gwamnatin jiharmu ta turo shi ƙaro karatun likita. Zamanin kuɗin mai ne, kusan kowane jirgi ya taso daga Kano sai ya sauke ɗalibai da 'yan kasuwa da masu zuwa ganin likita. Amma a Barking ba mu da yawa. Wuni nake ni kaɗai a gida, don haka na san maƙwabcin nan fiye da yadda na so.

Daga Litinin zuwa Juma'a mai duba tikiti ne a tashar tube, wato jirgin ƙarƙashin ƙasa, ta unguwarmu, da baƙar kwat da hular aiki, ba ka ce komai ba. Yammacin Juma'a na yi sai ya rikiɗe. Ya sa rigar fata mai geza har gwiwa, da takalmin fata marar dunduniya, da wata hular gashin dabba mai wutsiya tana reto a ƙeyarsa. Ya soke ɗan gatari a ɗamara, ya fita bayan gida ya hura wuta da ƙyastu, alhali ashana na nan a kicin, taku kaɗan daga inda yake durƙushe yana shan hayaƙi. A nan zai dafa wake a wata baƙar tukunya, a nan zai kwana har Lahadi. Matarsa takan ajiye masa kofin shayi a kan taga. Ba ya ɗauka sai ya waiwaya ya ga babu mai kallo.

Shi da kansa ya yi mini bayani wata rana ina shanya. Ya ce a da can, a yammacin Amurka, akwai wasu mazaje da suke shiga duwatsu su shekara ba su ga gari ba, suna ɗana tarko suna tara fatu. Sau ɗaya a shekara sukan haɗu a wani kwari su sayar da fatun, su sha, su yi ta zuba labaran abin da suka gani da wanda ba su gani ba. Su yake kwaikwayo. Har ƙungiya gare su, shi da wani mai gyaran famfo da wasu ma'aikatan kansil. Na tambaye shi ko ya taɓa zuwa Amurkan. Ya ce a Dagenham aka haife shi, tasha kaɗan daga nan, kuma bai taɓa shiga jirgin sama ba.

Ana nan sai surukina ya zo aikin ido. Baba a da awon gyaɗa yake yi, da kuɗin mai ya zo ya koma kwangilar gine-gine, Allah kuma ya buɗa masa. Yanar ido ce ta rufe masa idanu biyu. Aka yi masa na hagu, aka ce ya zauna ya warke kafin a taɓa na dama. Likita, haka nake kiran mijina, tun asuba yake fita asibiti. Ni kuwa ban taɓa kallon fuskar Baba ba. In durƙusa in gaishe shi, in ajiye abinci, in fice. Talabijin ba ta dame shi ba, rediyo ba ya jin abin da take faɗa. Sai ya sa aka ajiye masa kujera a bakin ƙofar baya, yana jan carbi yana kallon sararin da ba rana.

Safiyar wata Asabar na ji ya kira.

"Ke 'yar nan, zo. Wane ne wancan bawan Allah?"

"Maƙwabcinmu ne, Baba."

"Korar sa aka yi daga gidan?"

"A'a, Baba, gidansa ne. Shi yake son kwana a waje."

"A wannan sanyin? Da fata a jikinsa?" Ya ƙura masa lafiyayyen idon. "Zuba masa abinci."

Na zuba tuwon shinkafa da miyar kukar da Baba ya taho da ita, na miƙa ta saman shinge. Mutumin ya zauna a ƙasa ya sa hannu ya cinye tas, ya suɗe yatsu, ya taso ya zo godiya. Baba ya ce in jawo kujerarsa kusa da shinge. Daga ranar na zama tafinta. Nakan tsaya ɗan baya da Baba, kaina a sunkuye, ina juya maganar Bature zuwa Hausa ina kallon ciyawa.

Matsalar ita ce, al'adar ƙungiyarsu ba a cewa "wani mutum ya yi." Duk labarin da ka ɗauko, kai ne a ciki. Sai ya fara: "Shekarar da muka yi sanyi a bakin babban kogi..." Ni kuma in ce, "Wai shekarar da suka yi sanyi..." Ban yi nisa ba Baba ya ɗaga hannu.

"Ki bar wai-wai ɗin nan. Mutum yana gabanki yana faɗa da bakinsa."

Na bar wai.

Ya ce sanyin shekarar ya kai in ka yi magana kalmomin sai su daskare a bakinka su faɗo ƙasa. Sukan tsince su su zuba a buhu, sai an hura wuta a soya su a kasko sannan a ji abin da kowa ya ce. Wani abokinsa ya zage shi a tsakiyar hunturu, bai ji zagin ba sai da bazara, lokacin kuwa sun riga sun shirya, dole suka sake ɓatawa.

Baba ya gyaɗa kai. "Ikon Allah. Ai ni ma tun da na zo garin nan nake ganin maganata tana fita da hayaƙi. Kaɗan ya rage."

Dabbobin su suka fi ba ni wahala, don ba mu da su. Wadda suke kamawa saboda fatarta na ce gafiyar ruwa ce, mai faɗin wutsiya, tana sare itatuwa da haƙori ta datse kogi ta yi madatsar ruwa. Nan Baba ya gyara zama.

"Madatsa? Wa ke ba ta kwangilar?"

Na tambaya. Maƙwabci ya ce babu kowa, don kanta take yi.

"Ba siminti, ba injiniya?"

"Babu, Baba."

"Kuma ba ta fashewa da damina?"

Ya ce ba ta fashewa.

"Shi ne kuke kashe ta ku yi hula?" in ji Baba, ransa a ɓace. Ranar da wuri ya shiga ɗaki.

Babbar dabbar kuwa, na ce kamar kura take, amma ta fi sa girma, tana miƙewa da ƙafa biyu kamar mutum. Ita ce ta yayyaga shi, in ji maƙwabci, abokan tafiya suka haƙa masa kabari suka gaji da jiran ya cika, suka kwashe bindigarsa suka tafi. Ya farka ya ja ciki wata da watanni, yana cin saiwa da mushe, har ya kai sansani. Baba ya ce a nuna masa tabon. Mutumin ya ɗage riga ya nuna ɗinkin da aka yi masa a ciki lokacin da aka cire masa 'yar hanji. Baba ya yi salati.

Akwai ranar da ya ɗauko labarin yadda mutanen ƙasar na asali suka kama shi a dajinsu, suka tuɓe shi tsirara haihuwar uwarsa, suka ce ya ruga, in sun cim masa su kashe shi. Ina tsaye bayan surukina. Yaya zan faɗi wannan a gabansa? Baba ya ce, "Me ya ce?" Na ce, "Sun kama shi ya shiga musu daji, suka cire masa hula, suka ce ya gudu."

"Hula? Dattijo da gemunsa?" Baba ya dafe tasa hular. "To, ai dajinsu ne, bai yi sallama ba. Amma hula ta yi yawa. Tambaye shi, sun mayar masa daga baya?"

Na juya na tambayi maƙwabci da Turanci ko yana son ƙarin yaji a miya. Ya ce ƙwarai kuwa, da murna. Na ce wa Baba sun mayar.

Na sami Likita da maganar. Na ce masa Baba fa ya ɗauka da gaske ne, ya kamata a gaya masa wasa mutumin yake yi.

"To ki yi explaining mana, ke ce tafinta."

"Ni zan ce wa Baba bai gane ba? Mahaifinka ne."

"Ni ma ai ban taɓa ce masa bai gane ba," in ji shi. "Bar su. Tun da ya sami abokin hira hawan jininsa ya sauka."

Muka bar su. Da a nan abin ya tsaya da babu labari.

Ranar da za a duba idon Baba, motar haya da muka yi booking ba ta zo ba, sai na ce mu bi jirgin District line. Muna isa ƙofar shiga tasha, ga maƙwabci a tsaye cikin ɗan akwatinsa na katako, da baƙar kwat, gemu a taje, yana huda tikiti. Ya gan mu ya yi murmushi ya taɓa hula. Baba ya tsaya cak, mutane na ture shi ta ko'ina.

"Wannan ba shi ba ne?"

"Shi ne, Baba. A nan yake aiki."

Muka shiga jirgi. Mun wuce tasha biyu ko uku na ga yana share lafiyayyen idon da bakin rawani.

"Mutumin da ya ja ciki wata da watanni," ya ce, ba ni yake wa magana ba. "Sun sa shi a akurki yana huda takarda."

Da daddare ya kira ɗansa ya ce ya yanke shawara: zai mayar da bawan Allah nan ƙasarsu. A sayi tikitin jirgi, a kama masa masauki a gindin duwatsun, a ba shi guzuri. Likita ya fara, "Baba, ai shi ɗan nan ne..." Baba ya ce, "Kai ma ai kana nan. Ɗan nan ne kai?" Magana ta ƙare.

Ni aka aika da albishir. Maƙwabci yana jin haka fuskarsa ta yi fari fat kamar alli. Ya ce ba zai iya karɓa ba, abin ya yi yawa, ga aiki, ga ciwon baya. Na fassara wa Baba. Baba ya ce wannan ita ce kunyar mutanen kirki, a ƙyale shi, a ci gaba da shiri.

Wadda ta ƙarasa shi matarsa ce. Na zaci za ta yi faɗa. Ta kira ni kicin ɗinta ta ba ni shayi da biskit, ta riƙe hannuna biyu. Ta ce shekara da shekaru tana son ta shuka wardi a filin nan, hayaƙi ya hana. Ta ce tun suna saurayi da budurwa take jin labarin duwatsun nan, har ta fi shi iya su. "Ki ce wa dattijon zai tafi. Ni zan nemo masa hutu a wurin aiki, ni zan yi masa fasfo." Ta ce a saya har da na dawowa, kada dai a gaya wa dattijon. Likita ya yi hakan.

Ranar tafiya ya fito da kwat da jaka. Baba ya ce sam, mutum ba ya komawa gida da kayan aro, ya je ya sa na ƙasarsu. Haka muka ratsa filin jirgin sama: Baba a gaba da babbar riga da rawani, Bature a baya da rigar fata da wutsiya a ƙeya yana zufa, matarsa riƙe da jaka, 'yan ƙungiyarsu su ma sun zo rakiya cikin fatunsu, ni da Likita can baya muna yi kamar ba tare muke ba. Ma'aikata suka karɓe gatarin. Baba ya kama hannunsa ya yi masa doguwar addu'a, ya ce in ya isa ya gaida mutanen gida, kuma ya daina kashe gafiyar nan. Mutumin ya shiga yana waiwaye kamar wanda za a kai gidan yari.

Kafin mako ya zagayo tanti ya sauka, matar ta kafta filin. Aka yi wa Baba ido na biyu. Yakan zauna a bakin ƙofa ya ce, "Yanzu yana can cikin 'yan'uwansa."

Wata safiya na fita zubar da shara sai na ji ana kirana ƙasa-ƙasa ta tagar kicin ɗinsu. Shi ne. Ya rame, hancinsa ya saɓule da ƙunar rana. Hutun ma bai ƙare ba ya dawo.

Ya ce tun daga jirgi yake amai. Da ya isa garin, duwatsun sun fi ƙarfin ido, in ya ɗaga kai sai jiri ya kwashe shi, hancinsa ya yi ta haɓo saboda tudun wurin. Mutanen garin kuwa wandon jins suke sawa suna tuƙa akori-kura. Sun zaci shagon sayar da tsaraba ne ya ɗauke shi talla, suka yi ta ɗaukar hoto da shi, in ya yi magana su ce ya maimaita don su ji harshen London. Shayi kuma da ƙanƙara suke kawo masa. A rana ta uku da yamma ya leƙa tagar masauki ya ga dabbar nan, ta gaske, tana kifar da garwar shara. Ya shige banɗaki ya kulle, bai fito ba sai da mai gyaran ɗaki ta ƙwanƙwasa da safe.

"Kada dattijon ya sani," ya ce. "Ya yi mini addu'a a gaban mutane."

Haka ya shiga ɓuya a gidansa. Da safe sai na leƙa na ga Baba yana ɗaki, in buga bango sau biyu da muciya, sannan ya fice da sanɗa. In za mu asibiti, mota muke ɗauka ko da tsada, don kada mu bi ta tasha. In ya yi tari ta bango, ni ma sai in kama tari. Baba har ya sa Likita ya rubuta mini magani.

Abin da muka manta shi ne aikin ido ya yi kyau. Ranar da aka kwance bandeji na biyu, Baba ya dawo gida yana karanta lambobin motoci daga nesa don nishaɗi. Ya hau sama ya tsaya a taga yana kallon unguwa karo na farko da ido biyu. Can ƙarshen filin maƙwabta, bayan 'yar rumfar ajiye kaya, ga mutum a tsugune da rigar barci, yana ƙyasta ƙyastu a kan ɗan tsumma, ba don ya hura wuta ba, don dai ya ga tartsatsi.

"Ke 'yar nan. Ɗauko kujera."

Mutumin ya zo bakin shinge kamar ɗalibin da aka kama. Wannan karon bai ce "mu" ba. Ya faɗi komai, amai da haɓo da banɗaki, ya ce shi ɗan Dagenham ne, ubansa a masana'antar mota ya yi aiki har ya mutu, labaran nan duk a littattafan laburare ya karanta su. Ni ma na fassara duka, ban rage ko kalma ba.

Baba ya saurara har ƙarshe. Ya daɗe yana jan carbi.

"Wato ya je ya tarar garin ya lalace," ya ce. "Yara sun taso ba su san shi ba. Haka ake yi. Ni ma na gina bene a ƙauyenmu, ban iya kwana biyu a ciki. Ce masa kada ya ji kunya."

Na ce, "Baba, cewa ya yi bai taɓa..."

"Na ji abin da ya ce. Tambaye shi dabbar, da ta miƙe, ta kai tsawon ƙofar nan?"

Na tambaya. Maƙwabci ya dubi ƙofar, ya dube ni. Ya ce ta fi. Kafin Baba ya koma Kano, a labarin maƙwabci dabbar ta riga ta fasa tagar masauki, an yi kokawa a banɗaki, an kore ta da sandar goge ƙasa.

Baba ya tafi da idanunsa garau. Bayan wata biyu aka buga mana ƙofa, na buɗe na ga wani Alhaji da ban sani ba, da direban motar haya a bayansa. Ya ce abokin Baba ne, ya zo a duba masa gwiwa, kuma an ce kada ya kuskura ya bar London bai ga Baturen da ya yi kokawa da kurar Amurka ba. Bayansa wani ya zo, da ɗan'uwansa mai ciwon suga. Abin ya zama kamar wani sashe na jinya: a ga likita ranar Alhamis, a zo Barking ranar Lahadi. Matar ta ba shi wata 'yar kusurwa a bayan wardinta, ta ce ban da wuta. Masu zuwa suna kawo masa goro da turare da kilishi, kilishin ya ce irin guzurinsu ne sak na cikin duwatsu.

Na yi wannan tafinta har cikina na fari ya tsufa, tsayuwa ta gagare ni. Daga nan aka mayar da Likita wani asibiti a arewacin Ingila. Ranar Lahadin da muke loda kaya ana yayyafi, na leƙa baya don in yi sallama. Alhazai uku na zaune a kan kujerun kicin ƙarƙashin lema, shi kuma yana tsaye a gabansu cikin fatunsa, ya ɗaga hannu biyu sama yana gurnani. Babu mai fassara. Ɗaya daga cikinsu ya juya ya ce wa na kusa da shi, "Ka ji fa," ɗayan ya ce, "Na ji." Ban katse su ba, na bar sallamar a wurin matarsa.